Jan Layi a Allon Shaukat

Tun da teku ta riƙe ɗansa Nadir, Shaukat bai sake ɗaga kai ya dubi allon shagonsa ba. Da safe zai sauko daga bene, ya ɗage ƙofar ƙarfe, ya jera kwandunan ƙugiya da ƙullin igiya a bakin shago, ya ja kujera ya zauna. In an tambayi farashi ya faɗa, in an taya ya sallama. Abin da aka ajiye masa a faranti shi zai ci, ba ya sanin ko da gishiri ko babu. Mutanen layin suka yi ta yabonsa, wai Abu Nadir ya yi haƙuri irin na mazan jiya. Ba wani haƙuri. Mutumin ya daina jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, kuma shi kansa ya san haka.

Shagon ɗan tsukuku ne, a unguwar masunta ta Iskandariyya, jifa ɗaya daga inda jirage ke tsayawa. Allon da ke samansa na katako ne mai nauyi, shuɗi, an rubuta Shaukat da manyan haruffa farare, sannan aka zana wani kifi mai zare ido kamar an gaya masa mugun labari. Shekara da shekaru haka yake, daidai faɗin shagon, har ranar da Nadir ya bar makaranta ya zo ya tsaya bayan kanta. A layin nan duk wanda ɗansa ya shigo sana'a, allo ne ke fara shaida wa duniya. In ba ka ƙara sunan yaron ba sai a fara tambaya ko kun yi faɗa ne. Wuri ya riga ya ƙare a allon, don haka aka samo wani katako aka haɗa a gefen hagu, inda rubutun Larabci ke ƙarewa, ya zarce shagon ya bi ta saman ƙofar shiga gidan benen da suke ciki. Nadir ne ya rubuta da hannunsa: da ɗansa Nadir. Ya fara da manyan haruffa cikin isa, da ya ga katako na ƙarewa sai ya matse na ƙarshe. Shi ya hau tsani ya buga ƙusoshin. Ba wanda ya auna komai, domin a wannan layi in abu ya tsaya a bango yau, an gama magana.

Shagon bai isa ya ɗauki gida da kuma shirin auren saurayi ba, sai Nadir ya riƙa bin jiragen masunta lokaci lokaci. Wata iskar hunturu, irin wadda masunta ke kira nawwa, ta same su a can ciki. Teku ta mayar da wasu gaɓa, aka yi musu wanka aka binne. Nadir ba ta mayar da shi ba. An yi masa sallar wanda ba a ga gawarsa ba, an jera kujeru a titi an karɓi gaisuwa, an sha gahawa marar sukari, kowa ya watse. Kabari dai babu.

Ranar Alhamis matan unguwa kan tafi maƙabarta da kwandon gurasa mai zaƙi da dabino da ɗanyen ganyen dabino, su zauna gaban sunan mamacinsu, su raba wa yara sadaka. Bahiyya, matar Shaukat, ta bi su sau ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar kaburburan mutane da kwando a hannu kamar wadda ta ɓata a tasha, ta dawo gida da gurasarta ba ta raba ba. Alhamis ta gaba sai ta sauko da 'yar kujerarta ta ajiye a ƙofar gidan, daidai ƙarƙashin sunan. Ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta soke ganyen dabino a jikin ƙofa, ta zauna. Yaran layin ba sa buƙatar katin gayyata in dai gurasa ce, kafin ka ce me sun kewaye ta. Tun daga nan abin ya zama ka'ida. Mai wucewa ya ɗaga kai ya karanta, ya ce Allah ya jiƙan Nadir, ita kuma ta ce amin. A duk faɗin duniya nan kaɗai ne sunan yaron yake a rubuce inda ido zai gani.

Shaukat yana ganin duk wannan daga kujerarsa. Bai hana ba, bai kuma taɓa matsowa ba.

Ana nan sai wani allon talla ya faɗo a wata unguwa ya danne wata mata da ta fito sayen magani. Nan da nan hukumar gunduma ta tuna ashe tana da doka. Dokar nan tana nan tun kafin a haifi rabin mutanen layin, tana ta sharar barci a durowa, sai da jini ya zuba aka tashe ta aka wanke mata ido. Aka baza ma'aikata layi layi, kowa da tef ɗin awo a aljihu. Wadda ta zo nasu layin Injiniya Rabab ce, siririyar mace mai tabarau, wani dattijon ma'aikaci yana biye da ita da tsani a kafaɗa. Kuma cikin duk ranakun Allah sai ta zo ranar Alhamis.

Ta fara da maƙwabcin Shaukat, Usta Milad mai aski, wanda bakinsa ya fi almakashinsa sauri. Shi nasa allon wani ƙaton almakashi ne na ƙarfe da ya leƙo kan hanya, an kewaye shi da ƙwayayen fitila, rabi sun mutu.

"Wannan na wane ne?" in ji Rabab.

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Gado ne. Ubana ya kafa shi, na rantse da Maryama ko ƙuda bai taɓa kashewa ba."

"Ya leƙo hanya da yawa, kuma ya yi ƙasa. Dogon mutum zai gwara kai."

"Haba Injiniya, ina dogaye a layin nan? Dube mu fa. Duk wanda ya fi ni tsawo baƙo ne, baƙo kuwa ai da idonsa yake tafiya."

"Ya sauka, Usta."

Mai shayin da ke tsallaken titi ya ɗaga murya: "Wanzami ba ya son jarfa! Kullum kai ke yanke na mutane, yau an zo naka!"

"Kai rufe mana baki," in ji Milad. "Rumfar taka da kake taƙama da ita, iskar fanka ma kayar da ita take. Tana nan zuwa wajenka."

Aka yi dariya. Rabab ba ta yi ba, ta riga ta matsa gaba, tana duban allon Shaukat daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Sannu da aiki, Baba. Kai ne mai shagon?"

"Ni ne."

Ta ba ma'aikacin bakin tef, ta ja daga kusurwar shagon zuwa ɗaya kusurwar. Sannan ta auna daga ƙasa zuwa gindin allon. Shaukat yana kallon takalminta yana kaiwa yana komowa.

"Tsayinsa daga ƙasa ba laifi," ta ce. "Amma Baba, allo ba ya wuce faɗin shagon mai shi. Naka ya wuce har ya hau saman ƙofar da mutane ke shiga da fita, wannan kuwa an hana kwata-kwata. Kuma ina ga da ƙusa aka riƙe shi. Abu mai nauyi haka sai an huda bango an sa ƙarfe an ɗaure da noti."

"To," in ji Shaukat.

Ta sa aka jingina tsani a ƙofar gidan. Ma'aikacin ya kore yaran gefe, suka koma bakin titi suna cin gurasa suna kallo. Bahiyya ba ta motsa ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ce mata ta tashi. Rabab ta hau, ta sa yatsu biyu ta ɗan tura katakon da aka ƙara. Katakon ya gyaɗa kai. Tsatsa da garin ruɓaɓɓen itace suka zubo cikin kwandon gurasa.

"Innalillahi," in ji Rabab. "Wannan ai Allah ne kawai ke riƙe da shi."

Ta ciro wani jan alli mai maiƙo daga aljihu, ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, daidai inda tsohon katako ya haɗu da sabo, tsakanin wutsiyar kifi da farkon rubutun Nadir. Ta sauko tana kaɗe hannu.

"Daga jan layin nan zuwa can, ya sauka. Sauran a ɗaure shi da ƙarfe."

Milad ya zo ya ja ta gefe da ladabi, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana nuna teku da haɓa, yana nuna ganyen dabinon da ke jikin ƙofa. Fuskar Rabab ta canza. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta zo ta durƙusa gaban Bahiyya, wadda ke tsince tsatsa daga kan gurasa ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ban sani ba. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

"Amin."

"Amma Mama, dubi su wa ke zama a ƙarƙashinsa." Ta nuna yaran. "Na je inda wancan ya faɗo, na gani da idona. Ba na so in sake gani. Ku yi sabo, marar nauyi, a sa sunayen duka biyu su shige faɗin shagon. Yanzu akwai masu bugawa da na'ura, rubutu tsaf."

"Shi ya rubuta wannan," in ji Bahiyya, ba ta ɗago ba.

Rabab ta ɗan jima a durƙushe. Da ta ga ba wata magana da za ta biyo baya sai ta miƙe ta koma wajen Shaukat. Ta ce masa a gyara kafin nawwa ta farko ta shigo. In ta dawo ta tarar da shi yadda yake, dole ta zo da motar hukuma, su kuwa masu motar ba sa yanka, allon gaba ɗaya suke ɓallewa su jefa a baya.

"Ba na so in zo da mota, Baba. Wallahi ba na so."

"To," in ji Shaukat.

Da magariba Bahiyya ta ajiye masa shinkafa da kifi, ta zauna gabansa ba ta zuba nata ba.

"To kawai za ka ce?"

"Me kike so in ce?"

"Teku ta ɗauke shi, ka ce to. Yanzu hukuma za ta sake ɗauke shi, ka ce to. Ina zan zauna ranar Alhamis, Abu Nadir? Ka nuna mini wuri ɗaya. Kowace mace a layin nan tana da inda za ta je ta yi kuka. Ni katako nake da shi, shi ma sun shafa masa ja kamar ragon da aka sayar."

Shaukat ya duba cikin ransa ko zai samu fushi, ko kunya, ko ma wani abu da zai miƙa mata. Ya duba sosai, don ya san ta cancanci a ba ta wani abu. Bai samu komai ba. Ya ci gaba da zare ƙaya daga kifinsa, ita kuma ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwanaki suka yi ta tafiya, layin ya yi ta zama kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Allon mai sayar da ƙanƙara ya sauka. Rumfar mai shayi ta ja da baya. Almakashin Milad ma aka kwance shi, ya jingine shi a cikin shago bayan kujerar aski, kullum sai ya gaya wa masu zuwa aski tarihinsa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Kowace safiya kuma sai ya zo wa Shaukat da kofin shayi da sabuwar dabara.

"Ka cire ɓangaren yaron ka rataye a cikin shago, saman kanta. Ciki ai naka ne, ba ruwan hukuma."

Bahiyya ta ji daga baranda, ta leƙo. "A ciki wa zai karanta ya yi masa addu'a, Usta? Ƙugiya?"

Washegari ya ce yana da wani ɗan ƙanwar matarsa da ke kai shayi a ofishin gunduma, a yi masa magana. Wata rana kuma ya ce a goge jan layin da kananzir, in ta dawo a ce ba ita ba ce ta zo. Shaukat ya ce to ga wannan, ya ce to ga wancan, bai yi ko ɗaya ba. Har Milad ya gaji ya ce, "Abu Nadir, ni fa na fi son ka zage ni da wannan to ɗin naka. Shekara nawa muna tare, ka san ban iya magana da bango ba."

Masunta suka fara janye ƙananan jiragensu sama, suna ninka igiya a kan manyan. Teku ta koma launin toka. Kowa ya san nawwa ta kusa.

Alhamis ɗin nan iska ta fara tun da hantsi, ba mai ƙarfi ba, irin wadda ke ɗaga takardu ta ajiye. Bahiyya ta sauko da kwandonta kamar kullum, ta yayyafa ruwa, ta zauna. Yara suka taru, har da 'yar ƙaramar jikar mai shayi da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta zo ta dafa gwiwar Bahiyya tana miƙa hannu. Shaukat yana ɗaure wa wani mutum ƙugiyoyi a takarda sai ya ji ƙwas. Ya ci gaba da abin da yake yi. Ya sake jin ƙwas, sannan wani ɗan kuka irin na ƙusa tana fita daga itace. Wannan sautin ya san shi, duk wanda ya taɓa zama cikin tsohon jirgi ya san shi. Kansa ya ɗagu da kansa, ba da shawararsa ba.

Karo na farko ke nan da ya dubi allon tun rashin Nadir. Katakon yana tashi daga bango in iska ta shiga bayansa, ya koma ya buga. Ga haruffan nan, na farko manya, na ƙarshe a matse. Ga jan layi. Ga kawunan yara a ƙasa, ga farin gyalen matarsa a tsakiyarsu.

"Bahiyya, tashi daga nan," ya ce. "Ku duka, ku koma bakin shago."

Ta dube shi. Rabon da ta ji ya ba da umarni a kan wani abu har ta manta. Ta ɗauki kwando da yarinyar ta matsa.

Ko a lokacin bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Hannuwansa ne kawai suka kama aiki, kamar yadda suke yi in an kawo musu ragar da ta yage. Ya yanko igiyar fatsa, ya kafa bakinta a kusurwar shagon, ya ja zuwa ɗaya kusurwar, ya ƙulla a nan, faɗin shagon ke nan. Ya shiga shagon Milad ya ɗauko tsani ba sallama.

"A'a! Abu Nadir, sauko! Tsoho da kai, rabonka da tsani tun yaushe? Bari in kira mai walda."

"Kira shi. Amma zo ka riƙe mini wannan tukuna."

Ya kafa bakin igiyar a ƙarshen allon na hagu, kan harafin da Nadir ya matse, ya sa Milad ya riƙe da sandar tsintsiya. Ya sauko ya matsar da tsani, ya sake hawa yana jan igiyar dama. Ta wuce rubutun yaron, ta wuce jan layi, ta wuce kifi. Ƙullin ya tsaya daidai bakin kifin, inda sunan Shaukat ya ƙare. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya karce shi da farce, ya sauko, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Mai walda ya zo da rana da injinsa da zarto. Da igiyoyin shagon aka ɗaure allon, maza huɗu suka sauke shi a hankali, suka kifa shi a kan kujeru biyu. Bayansa duk gishirin teku ya ci, amma zuciyar katakon na nan da ƙarfinta, wajen ƙusoshin ne kawai ya ruɓe. Shaukat ya sunkuya yana dubawa, sai ya ga ƙusa ɗaya da ta lanƙwashe, aka kwantar da ita gefe aka yi ta duka har ta nutse. Ya tuna ranar. Yana tsaye a ƙasa yana riƙe da tsani yana cewa, ƙusa ma ba ka iya bugawa ba, kai ne za ka riƙe shago? Nadir kuma daga sama, da wasu ƙusoshi a baki, yana dariya yana cewa, Baba ai ta riƙe.

Ya sa babban yatsa ya shafa ta. Wani abu ya tsira masa a ƙirji, ɗan kaɗan, irin tsirar ƙafa in jini ya fara komawa. Ciwo ne, kuma ya gane shi: kewar ɗansa ce. Ya tsaya cak har ta ɗan lafa, don bai san abin da zai yi da ita a gaban mutane ba.

Aka juya allon. Mai walda ya ɗora zarto a kan jan layi.

"Ba nan ba," in ji Shaukat.

"Hajji, nan Injiniya ta ja."

"Nan za ka yanka." Ya nuna inda ya karce da farce. "Wurin jan layin kuma ka haɗe shi da ƙarfe ta baya, ya zama abu guda."

Mai walda ya dubi wurin, ya dubi Milad. Milad ya dafe kai.

"Abu Nadir, lafiyarka kuwa? Wannan fa sunanka ne! Shekara nawa ana cewa shagon Shaukat, shagon Shaukat? Baƙo ya zo neman ka, me zai karanta?"

"Wanda ya sani ya sani."

"To ka yi tunani dai. Zarto ba ya komawa baya."

"Yanka," in ji Shaukat.

Zarto ya shiga. Katakon tsoho ne mai taurin kai, sai da mai walda ya huta a tsakiya ya goge gumi. Shaukat yana riƙe da gefen da sunansa yake don kar ya tsage. Da ya rabu ya zauna masa a hannu, ya ji nauyinsa, shi ke nan abin da ya ji. Kifin ya tsira da ƙyar, sai ɗan leɓensa da zarto ya shafa. Aka yi wa allon firam na ƙarfe, aka huda bango aka zura dogayen noti, aka ɗaga shi aka ɗaure kafin la'asar. Mai walda ya kama gindinsa ya yi lilo da duk nauyinsa don a gani, allon ko gezau. Saman ƙofar gidan ya zama fili, sai tabon fenti mai haske inda katako ya daɗe yana kare rana.

Mai shayi ya tsallako da tire a hannu, ya ɗaga kai ya fara karantawa da ƙarfi cikin zolaya, kamar yadda ya saba: "Kifi da ɗan..." Sai ya haɗiye sauran. Ya ajiye wa Shaukat kofi, ya koma rumfarsa.

Nawwa ta zo ta yi abin da ta saba. Ta cika tituna da ruwa, ta kwashe shanyar mutane, ta karya wata bishiya a bakin masallaci. Allon bai motsa ba.

Da gari ya washe, Alhamis ta zagayo, Rabab ta dawo, ba mota. Bahiyya tana zaune a bakin shagon, ta soke ganyen dabino a jikin ƙofar ƙarfe, yara kewaye da ita. Rabab ta ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa, ta hau tsani ta duba notin ɗaya bayan ɗaya, ta tura allon da tafin hannu biyu. Sai da ta sauko ta ja baya don ta ga tsayuwarsa, sannan ta karanta abin da ke jiki.

"Baba, ina sunanka?"

"Awo ya fita?"

"Ya fita."

"To."

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu game da wani ofishi da wata ka'ida, sai ta fasa. "Ni dai awo aka aiko ni," ta ce. Ta sake hawa tsanin, ta ciro hankici, ta goge jan layin da ta ja har ya fita. Da ta sauko Bahiyya ta miƙa mata gurasa ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya jiƙan Nadir, Bahiyya ta ce amin.

Bayan yara sun watse, Bahiyya ta shiga shagon neman tsintsiya, sai ta ga guntun katakon a jingine bayan kantar shagon, fuskarsa na kallon bango. Ta juyo da shi. Shaukat, da manyan haruffa farare, gefe ɗaya ɗanyen yanka.

"Wannan fa?" ta ce. "A yar?"

"A'a. Kai shi sama, ki ɗora a kan kwaba inda ruwa ba zai taɓa shi ba."

"Me za a yi da shi?"

"Ni ai ƙasa za ta karɓe ni, Bahiyya. Za a samu inda za a kafa shi."

Ta tsaya riƙe da katakon a ƙirji. Shi kuma ya ja kujerarsa daga inda ta saba zama, ya kawo ta kusa da tata a ƙarƙashin allon, ya zauna. Gurasa ɗaya ta rage a kwandon. Ya ɗauka ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ji ashe ta cika sukari, yadda Nadir yake so.